Gutsure Biyu a Akwatin Mushe Tanimu

A Sabon Gari na Maraɗi, in ka tambayi gidan Tanimu Sha'ibu, da wuya a gane wanda kake nufi. Sai ka ce Mushe Tanimu mai karatun mutanen da. Mushe muke ce wa malaman lakwal, wato makarantar boko, shi kuwa sunan ya bi shi har bayan ya ajiye alli. Ya koya mini Faransanci shekara biyu a lise, babbar sakandare. Abin da na riƙe game da shi a lokacin, ba ya duka, kuma kullum akwai gilashin ƙara girman rubutu a aljihun rigarsa. Mu ɗalibai cewa muke yi na neman ƙwarƙwata ne a kawunanmu.

A Tibiri aka haife shi. Yana cikin yaran da aka kai lakwal ala tilas zamanin Nasara, uwarsa na bin su da kuka har bakin gari. Kansa ya ɗauki karatu. Aka tura shi Yamai, daga nan Dakar, daga nan Faransa, jim kaɗan bayan samun ƴancin kai. Faransanci aka aike shi ya karanto, sai ya faɗa hannun wani tsohon malami mai nazarin rubuce-rubucen Girkawan da, waɗanda aka tono daga rairayin Masar. A kan wata irin takarda aka yi su, ana ce mata papirus. Da wata ciyawar bakin kogi ake yin ta: a tsaga ta siri-siri, a jera wasu a kwance, a ɗora wasu a tsaye, a danne har su manne. Yawancinsu a yayyage suka iso hannun masana, kamar abin da gara ta ci ta rage. Malamin ya raba wa ɗalibansa hotunan wasu gutsattsari, kowane hoto daidai girman na ainihi, ya ce kowa ya je ya karanta rabonsa. Mushe Tanimu ya sami takwas. Bai cika shekara da su ba aka kira shi gida, sabuwar ƙasa tana neman malamai. Ya dawo da hotunan a akwatin ƙarfe, tare da ƙamus ɗaya mai nauyin tubali.

Bai taɓa samun aji ɗaya da zai koya wa Girkanci ba. Shekara ashirin da takwas yana koyar da Faransanci, ya auri Fasuma ɗiyar kawunsa, wadda ba ta taɓa shiga lakwal ba, mai saƙar tabarma da asabari. Da yake taubasai ne, aure bai hana su tsokanar juna ba. Ita tana ce wa akwatin ƙarfen "gidan gara", shi yana ce mata "ƴar ƙauyen Tibiri", kamar shi daga sama ya faɗo. Da ya bar aiki ya sami ƴar garka a Jiratawa, ya shuka zogale da albasa. Akwatin kuwa yana nan ƙarƙashin gado, kuma babu satin da ba ya buɗe shi.

Ni na dawo Maraɗi daga jami'ar Yamai a 1993, da digirin lisansi a hannu, babu aiki. Ina cikin ɗaliban da suka fito zanga-zanga a Fabrairun 1990, ranar da aka buɗe mana wuta. Ba zan ba da labarin ranar a nan ba. Abin da ta bar mini shi ne, in tayar kabu-kabu ta fashe a titi, sai in tsinci kaina a tsugune, kuma hannuna na dama yakan yi rawa in na riƙe biro. Gari ya cika da tutocin jam'iyyu da lasifika, ma'aikata yau suna aiki gobe suna yaji. Ni dai ɗakina nake zama.

Wata safiya Inna Fasuma ta shigo gidanmu. Bayan sun gaisa da mahaifiyata, ta leƙo ɗakina.

"Lawali, malaminka na neman aron ido. Nashi sun fara yana."

Na je da hantsi. Yana zaune a inuwar darbejiya, da wasiƙa a kan cinya. Daga Faransa take. Tsohon malaminsa ya daɗe da rasuwa. Wata malama da ta gaje shi tana shirin buga littafi a kan gutsattsarin da ba a taɓa karantawa ba, ta ga sunan Tanimu Sha'ibu a tsohon kundi, a gaban lamba takwas. Tana tambaya ko yana raye, ko ya gano wani abu, kuma ko zai iya aiko mata kafin ƙarshen damina.

"Shekara talatin," in ji shi, "sai yanzu da ba ni ganin tafin hannuna suka tuna da ni. Zauna. Za ka zama idona."

Na ce ban san ko harafi ɗaya na Girkanci ba.

"Ya fi. Wanda bai san abin da ya kamata ya gani ba, shi ne ba ya ƙarya."

A sati ɗaya ya koya mini haruffan ashirin da huɗu. Ya koya mini dokar aikin kuma. Abin da ka gani sarai, ka rubuta. Harafin da kake shakka, ka ɗiga masa ɗigo a ƙasa. Inda takarda ta ɓule, ka bar wurin a buɗe, ka ƙidaya haruffan da za su iya shiga. Ni nake riƙe gilashin ina faɗa masa abin da na gani, shi yana gwadawa da abin da ke kansa, domin ya haddace kowane gutsure kamar yadda manomi ya san kunyoyin gonarsa. Ranar farko biro ya yi ta rawa a hannuna, har ya ji ƙararsa a kan takarda.

"Bar shi ya yi rawarsa," ya ce. "Mai rubutun nan ma hannunsa ya karkace a layi na uku. Ko sauro ne ya cije shi, Allah masani."

Shida daga cikin takwas ɗin ba su da wani abin kirki, kalma biyu nan, rabin suna can. Dukiyarsa tana ga na uku da na biyar. Ya manna hotunansu gefe da gefe a kan kwali ɗaya. Na uku yana ɗauke da farkon layuka huɗu, na biyar yana ɗauke da ƙarshensu, hannu ɗaya, tawada ɗaya. Da ya haɗa su sai waƙa ta fito. A kanta ya cika shafi arba'in, kuma ita zai aika.

A garkarsa ta Jiratawa ya fara faɗa mini ita da Hausa. Ranar Alhamis ce, ranar da ruwa ke zuwa layinsu. Muna zaune a bakin magudana, ƙafafunsa a cikin ruwa.

"Ɗiyata, kin riga ni fita zuwa rijiya da sassafe,
tulunki na nan, ban ba kowa shi ba.
In rana ta yi zafi, ki zauna a inuwar ɓaure,
ni ma ina tafe kafin yamma ta yi."

Ya dubi ruwan da ke wucewa, ya ce:

"Muna da ɗiya, Tahira. Ita ce ta fari. Sanƙarau ya ɗauke ta tana da shekara tara, yau shekara goma sha bakwai ke nan. A watan na haɗa na uku da na biyar. Ka ga, Lawali, wani uba a bakin kogin Masar, shekara dubu biyu kafin ni, ya riga ya faɗi abin da na kasa faɗi. Da ban same shi ba, ban san inda zan sa kaina ba."

Tun daga ranar na daina ganin aikin a matsayin hanyar kashe lokaci. Na shiga kwafe shafi arba'in ɗin da hannuna, a hankali, har rawar ta ragu.

Saura sati biyu mu aika, Mushe ya tafi Tibiri gaisuwar mutuwa. Na zo in ƙarasa kwafi. Inna Fasuma tana tsakar gida tana ɗaure asabari, tsinke bayan tsinke.

"Lawali, zo man da kwalin nan na malaminka."

Na kawo. Ta goge hannu a zane, ta riƙe shi nesa da fuska.

"Nasaran nan, na ainihin suna wurinsu?"

"Suna wurinsu, Inna."

"In takardarshi ta isa, za su ɗauko su haɗa su gani?"

"Dole su haɗa."

"Da sunanshi a sama?"

"Da sunansa."

Ta ja numfashi. Ta sa farce a kan hoton na uku, ƙasa da layi na biyu.

"Bar kallon baƙaƙen, ni ban san su ba. Dubi ciyawar. Ka ga wannan jijiya mai duhu, mai kauri? Bi ta. Ta zo nan, ta zo bakin yagewa. To ina ta shiga a wancan?"

Na ɗauki gilashin. A kan na uku jijiyar tana tafe a miƙe, da wasu sirara biyu a ƙasanta. A kan na biyar, daidai inda ya kamata ta ci gaba, babu ita. Jijiyoyin can farare ne, tazararsu daban. Na duba sama, na duba ƙasa. Ko ɗaya ba ta ƙetare ba.

"In asabari ya tsage biyu," ta ce, "ka kawo man rabi da rabi, mai kauri zai tarar da mai kauri, mai tabo zai tarar da mai tabo. Waɗannan ba su taɓa zama gefe da gefe ba. Ƙila ƴan gida ɗaya ne, amma ba a nan suka rabu ba."

Na tambaye ta yaushe ta gani.

"Ranar da ya manna su. Ni na dama mashi ƙaron."

"Shekara goma sha bakwai, Inna?"

Ta koma kan asabarinta, ta ja zare.

"Kai yaro ne. Waccan ɗiyar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta gaban mutane ba. Ranar da aka kai ta, mata na kallona, ban zubar da hawaye ba, don kada a ce ba ni da kunya. Shi kuma ya daina cin abinci. Sai rannan ya fito daga ɗaki da kwalin nan, ya ce, Fasuma, zauna ki ji. Ya karanta man. Nan na yi kukana, shi ma ya yi nashi, ya nemi tuwo. To in ce mashi mi? In ce ciyawa ba ta hau ba?"

"Yanzu fa?"

"Yanzu zai fita da ita kasuwa. A cikin gida babu ruwan kowa. Amma ba na son Nasara su yi mashi dariya yana tsoho, ba ya ko ganin fuskar mai yi. Kai ne idonshi. Ka hwaɗa mashi."

Kwana uku ban koma gidan ba. Na kwanta a ɗaki ina juya maganar. Na ce in yi shiru, ai ba ya gani. Na ce in karɓi wasiƙar in ƙi kai ta gidan waya, in ya tambaya in ce yajin aiki ya cinye ta, wa zai musa? Na ce in faɗa masa, sai in tuna ƙafafunsa a cikin ruwan Jiratawa, da yadda muryarsa ta sauka a kan "ni ma ina tafe". Na ji tsoron in buɗe baki in kashe tsohon nan a zaune.

A rana ta huɗu na je. Yana ƙarƙashin darbejiya.

"Ɗan jami'a, kai ma yajin ka shiga? Mene ne buƙatunka, mu tattauna?"

Na zauna. Na shiga kewaye-kewaye, na kasa zuwa ga maganar. Inna Fasuma ta dube ni daga bakin madafa, ta gane. Ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon asabari da wuƙa. A gabanmu ta yanka shi biyu, daga sama har ƙasa. Ta yanko wani yanki daga wani tsohon daban. Ta durƙusa ta shimfiɗa su a gabansa.

"Mushe, kai da ka iya haɗa abin da ya yage, haɗa man wannan."

"Yau kuma jarrabawa ƴar ƙauye za ta yi mini?"

"Awo. Duka ni na saƙa su, hannu ɗaya, ciyawa ɗaya. Ba ni hannunka."

Ta kama yatsunsa ta ɗora a kan rabin farko, ta bi da su kan wani tsinke mai kauri har bakin yanka, ta ƙetare da su zuwa rabi na biyu. Ya yi murmushi.

"Ga shi nan ya ci gaba."

Ta janye rabin, ta sa baƙon yankin a wurinsa. Ta sake bi da yatsunsa. Suka zo bakin yanka, suka ƙetare, suka tsaya. Ya lalluba sama, ya lalluba ƙasa. Murmushin ya tafi. Ya daɗe hannunsa na kan ciyawar. A waje wata motar jam'iyya ta wuce da kiɗa, har sautin ya ɓace bai motsa ba.

"Lawali," ya ce a hankali, "ɗauki gilashi. A kan na uku, ƙasa da layi na biyu, akwai jijiya mai duhu. Ta ƙetare?"

Ban faɗa masa inda take ba. Inna ma ba ta faɗa ba.

"Ba ta ƙetare ba, Mushe."

Ya gyaɗa kai.

"A satin farko malaminmu ya koya mana. Kafin ka karanta baƙi, karanta ciyawa. Na duba sau ɗaya, a watan nan. Na ga kamar ba ta hau ba, sai na ce hoton ne bai fita da kyau ba. Ban ƙara kai gilashi wurin ba." Ya juya wajen da take. "Tun yaushe, Fasuma?"

"Tun ƙaro bai bushe ba."

"Kika bar ni?"

"Kana cin tuwo."

Bai ci abincin rana ba. Ya ce in tafi gida. Washegari na zo, aka ce tun da safe ya sa an kai shi Jiratawa, alhali ba ranar ruwa ba ce. Na hau kabu-kabu ina ta saƙa abin da zan tarar. Na same shi a tsugune yana cire ciyawa a cikin albasa da lalube.

"Ka zo da biro?" ya ce. "Zauna ka rubuta."

A kan gwiwata na rubuta wasiƙar. Shafi uku ta ci. Ya ba da karatun kowane gutsure shi kaɗai, da ɗigonsa, da gurabensa a buɗe. Game da na uku da na biyar ya ce hannu ɗaya ne ya rubuta su, mai yiwuwa daga naɗin takarda ɗaya suka fito, amma ba su haɗu ba, domin jijiyoyin ciyawar ba su ƙetare ba. Ya ce ya yi shekara goma sha bakwai yana zaton sun haɗu, kuma kuskure ya yi. Ya sa na rubuta cewa wadda ta gano haka ita ce Fasuma ta Tibiri, masaƙiyar asabari. Da na karanta masa, ya gyara kalma biyu, ya sa hannu a inda na ɗora masa biro.

Da la'asar muka koma gida. Inna ta kawo fura. Ya sha, ya ajiye ludayi.

"Abu ɗaya ya rage. Uban nan na Masar da na yi shekaru ina zama da shi, ashe babu shi. To waƙar ta wa ce?"

"Kai da iliminka?" in ji Inna. "Wani ya ba ka ƙyalle nan, ƙyalle can. Wa ya ɗinka rigar?"

Ta ɗora da cewa:

"Wanda ya ɗinka riga shi ne telanta. Ni tun farko na san taka ce. Mutumin Masar ina ya san tulunta? Shi na nan bayan randa, ai ka san ban ba kowa shi ba."

Ta gyara zama a kan tabarma, ta ja mayafi.

"Karanta. Karanta wa Tahira."

Mushe ya ɗago kai da sauri. Daga baya ya gaya mini, tun ranar suna bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Ya karanta, da Hausa, layi huɗun. Ni na tashi na je bakin ƙofa na tsaya, na ba su baya.

Amsa ta zo bayan wata biyar, lokacin idanunsa sun rufe gaba ɗaya. Malamar ta ce sun fito da na ainihin sun gwada, haka abin yake. Ta ce karatunsa na na biyar ya fi nata a wuri biyu, kuma da sunansa za a buga. A ƙarshe ta tambaya ko Madam Fasuma za ta yarda ta duba wasu hotuna goma sha biyu da suka gagare su.

Na fassara wa Inna. Ba ta ɗaga kai daga saƙarta ba.

"Su aiko. Amma su sani akwai asabarin mutane uku a gabansu."

Har yanzu ina zuwa gidan ran Litinin da Alhamis. Shafi arba'in ɗin suna cikin akwati, ya ce kada a ƙone su. Sau ɗaya na tambaye shi ko in ɓamɓare hotunan biyu daga kwalin, tunda a littafi an raba su. Ya miƙo hannu na ba shi, ya shafa inda suka haɗu, inda ƙaron ya yi tudu.

"A littafi an raba su," ya ce. "Wannan na gida ne. Mayar da shi yadda yake."